Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gwada Samfuri da Iyakokin Faramita

Ɗauki samfuri mai sauƙi, wato lissafin da ke kwatanta yadda wani tsari ke aiki: y(k+1) = a·y(k) + b·u(k), inda u ce shigarwa, y abin da ake aunawa, k matakin lokaci, a da b kuma faramitocin da ake nema; a ce kuskuren awo ba ya wuce ε. Kowane awo guda yana yanka siririn fili a taswirar a da b, kuma inda filayen duka suka haɗu, nan ne faramitocin da suka dace da bayanan suke. Idan babu mahaɗa ko kaɗan, to ɗayan biyu ne: ko samfurin bai dace ba, ko ε ɗin da aka zaɓa ƙarya ce.

A nan ake tafka babban kuskure. Sai mutum ya ga mahaɗar ta ɓace, ya shiga ƙara ε kaɗan-kaɗan har ta dawo, sannan ya ce samfuri ya ci jarrabawa. Wace jarrabawa? Kai ka rubuta tambaya, kai ka gyara amsa! Da ε mai faɗi, ko samfurin da ya manta da jinkirin lokaci zai wuce. Alhali jinkirin daƙiƙa 0.1, a saurin radiyan 5 cikin daƙiƙa, yana cinye kusan digiri 29 daga kusurwar da ke hana tsarin girgiza. Ranar da aka ɗora kontirola, wato na'urar da ke sarrafa tsarin, ranar inji zai fara rawa. Ni dai shawarata, a tsayar da ε tun kafin gwaji: a riƙe shigarwa wuri ɗaya, a auna yadda na'urar awo ke lilo, a rubuta, kada a sake taɓawa. In mahaɗa ta ɓace, a fara neman awon da ya fanɗare, domin guda ɗaya tak ya isa ya share ta.

Sai masu gwaji da shigarwa mara motsi. Bayan tsarin ya natsu, abin da za ka samu kawai shi ne b/(1−a). Filayen za su jeru gefe da gefe, ba za su datse juna ba. A girgiza shi da siginar da ke sauyawa a saurika daban-daban.

Kada a gwada samfuri da bayanan da aka gina shi da su.

Masu rufe mahaɗar da akwati kuma, wato su ba a da b kowanne iyakarsa daban, su sani sun shigar da haɗin a da b da ba zai taɓa faruwa ba, kontirola zai fito da sanyin jiki. Ka'idar Kharitonov ta 1978 ta ce gwada folinomiyal huɗu ya isa a tabbatar tsarin zai natsu a duk cikin akwatin, amma sai idan kowane adadi na canzawa ba ruwansa da sauran, kuma a tsarin lokaci mai gudana ne. Kada a ɗauko ta kai tsaye a liƙa wa samfurin k da k+1.