Yadda Ake Tantance Yankan Daimon Kafin a Saya ta Intanet

Sababbin masu saye sukan zuba kuɗinsu a kan nauyi da farin launi su manta da yanka, wato yadda aka sassaƙa fuskoki da kusurwoyin daimon, alhali yankan ne ke sa dutse ya yi walƙiya ko ya dushe. Matakin farko shi ne ka nemi takardar shaida ta GIA, cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, sannan ka shigar da lambarta a shafin cibiyar don ka tabbatar ba ta bogi ba ce. Dillalin da ya auna dutsensa da kansa, kada ka ɓata lokaci da shi.

Daga nan sai ka zauna da lambobin da ke cikin takardar, domin a nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. GIA tana ba daimon mai zagaye matakai biyar na yanka, na ƙoli shi ne Excellent, amma matakin yana da faɗi ƙwarai, har duwatsu biyu su same shi ɗaya yana ƙyalli ɗaya kuma yana da duhu a tsakiya. Ka duba kusurwar gindi, wato ɓangaren ƙasa mai tsini, ta kasance tsakanin digiri 40.6 da 40.9, ta kafaɗa, wato gangaren da ke kewaye da fuskar sama, tsakanin 34 da 35, fuskar sama kuma kashi 54 zuwa 57 cikin ɗari na faɗin dutsen. Wannan bai yi nisa da lissafin da masanin yankan daimon Marcel Tolkowsky ya fitar a 1919 ba. Idan gindi ya haura digiri 41 kuma kafaɗa ta yi tsaye, haske yakan zurare ta ƙasa maimakon ya dawo ido, sai ka ga wani zobe mai duhu a ƙarƙashin fuskar. Ka duba faɗi kuma: daimon mai nauyin karat ɗaya (karat ma'aunin nauyin daimon ne) da aka yanka da kyau yakan kai milimita 6.4 zuwa 6.5, wanda ya tsaya a 6.2 kuwa an ɓoye nauyinsa ne a zurfi, ka biya kuɗin abin da ba za ka gani ba.

Lambobi kaɗai ba su isa ba. Ka nemi bidiyon ainihin dutsen yana juyawa, ba hoton samfuri ba, tare da hoton ASET, wato hoton da ke nuna yadda dutse ke dawo da haske ta hanyar launuka, inda ja ke nuna haske mai ƙarfi da ke dawowa. Daimon mai siffar ƙwai kuwa sai an ƙara lura da duhun da ke gilma tsakiyarsa.

A matakan GIA, launin G ko H (kusan fari tas) da tsabtar VS2 (ƙananan tabo da ido ba ya cika gani) sun wadatar, kuma karat 0.90 ya fi karat ɗaya sauƙin kuɗi sosai ba tare da ido ya gane ba. Kada ka biya sai an rubuta maka wa'adin mayarwa, idan ya iso kuma ka sa a duba lambar takardar shaidar da aka zana a ɗamararsa, wato siririn gefen da ke tsakanin kafaɗa da gindi, da gilashin ƙara girma.