Yadda Ake Haɗa Fin Ɗin Cire Sandar Sitabilaiza

Masu motocin shiga daji sun dame ni da tambayar yadda ake haɗa fin ɗin da zai sa a iya cire sandar sitabilaiza (sandar ƙarfen da ke rage kwanciyar mota a kwana) cikin sauƙi in an shiga daji, to ga yadda nake yi.

1. Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja birkin hannu.
2. Kwance notin ƙasa na linkejin sandar (ɗan ƙarfen da ke haɗa ta da ƙafar mota), hagu da dama, ka zare ƙusar.
3. Auna kaurin ƙusar da ka zare.
4. Nemo fin na ƙarfe mai tauri, kaurinsa ɗaya da ƙusar, mai huda a ƙarshe. Hattara: ƙarfe mai laushi lanƙwashewa yake yi, siriri kuma ƙwanƙwasa zai yi ta yi har ya cinye bushin, wato robar da ke cikin ramin linkejin.
5. Shafa giris.
6. Zura fin ɗin, wosha a kowane gefe.
7. Kulle shi da kilif.
8. In ka isa daji, zare fin ɗin duka biyun.
9. Ɗaure sandar sama da igiya mai ƙarfi. Nan ake yawan kuskure: in ka bar ta tana lilo, tana iya tsinka tiyon birki.
10. Mayar da fin kafin ka hau kwalta, don in babu sandar, motar kan kwanta sosai a kwana, har ta kife. Ramukan sun ƙi haɗuwa? Sa wani ya girgiza motar.