Yadda ake horar da mai cutar Parkinson tafiya da layukan ƙasa

Mai cutar Parkinson, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai sa kakkarwa da nauyin motsi, yakan miƙe da niyyar fita zaure, sai ƙafafunsa su kafe a ƙasa su ƙi ɗaguwa, musamman a bakin ƙofa, ko wajen juyawa, ko a takun farko. Ba taurin kai ba ne, ba kuma tsufa kaɗai ba ne kamar yadda ake yawan faɗa a gidajenmu na Maradi. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne suka ragu, su ne kuwa ke sa mutum ya yi tafiya ba sai ya yi tunanin kowane taku ba. Amma idan ido ya sami abin da zai auna, ƙafa takan bi shi. Tun 1967 wani likitan jijiyoyi a Landan, Purdon Martin, ya nuna cewa layukan da aka ja a ƙasa suna gyara takun irin waɗannan marasa lafiya.

A nemi wuri mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, mai haske, a ɗauke tabarmi da darduma da butoci daga hanya. Idan daɓen siminti ne, a ja layukan da farin alli ko a manna sikoci mai launin da ya fita sosai. Idan tsakar gida ce mai yashi, toka ta wadatar, kada dai a jera itace ko igiya domin tuntuɓe. Wajibi ne layukan su gitta hanya, domin layin da ya bi tsawon hanya ba ya amfanar komai, kuma nan ne aka fi yin kuskure. A fara da tazarar da ta ɗan zarce takunsa na yanzu, wajen santimita 40 ga babban mutum, sannan a riƙa buɗa ta sannu a hankali idan taku ya saki.

Umurnin da za a ba shi gajere ne: "Baba, ƙetare layin." Ya dubi layin gaba, ya ɗaga ƙafa, ya fara sauke diddige. Mai rakiya ya tsaya daga gefe, kusa da shi, kada ya ja hannunsa, kada kuma ya sa shi hira, saboda raba hankali biyu yana dawo da kafewar nan take. A ƙarshen hanya kada ya juya a wuri guda, ya yi kewaye mai faɗi, kuma yana da kyau a ja layukan a lanƙwashe domin wannan kewayen.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da Levodopa, maganin da ake ba masu wannan cuta, ya fara aiki a jiki, da sanyin safiya ko bayan la'asar, musamman a watannin zafi na Afrilu da Mayu. Minti 10 zuwa 15 a kullum sun fi dogon horo sau ɗaya a mako. Silifa ba ta dace ba, a sa takalmi mai rufe diddige.

Amfanin yakan ragu idan aka goge layukan, don haka a bar su dindindin a bakin ɗaki da hanyar banɗaki. Horon ba ya maye gurbin magani, kuma wanda ya taɓa faɗuwa ko yake jin jiri idan ya miƙe, a fara kai shi asibiti likitan motsa jiki ya duba shi, ya kuma tsara tazarar da ta dace da shi.