Yadda ake busar da ramin jijiyar haƙori kafin a sa sila

A wajen busarwa ɗalibai suka fi tuntuɓe. Sun faɗaɗa rami sun wanke tsaf, sai gaggawa ta kama su. Hoton X-ray ya fito da kyau, amma silar, wato man da ake shafa wa bangon rami don ya liƙe shi, ba ta kama bango ba, ƙwayoyin cuta sun sami hanya.

Fara da duba silar da ke kan tirenka, don ita za ta gaya maka iyakar busarwa. Ta rezin, irin AH Plus, ba ta shiri da ruwa ko kaɗan. Mai zink da man kanumfari kuwa laima na sa ta daskare da wuri. Amma bayosiramik, irin su EndoSequence BC da TotalFill, da danshin da ke cikin haƙorin take daskarewa. In ka ƙeƙasar da ramin, sai ta yi ta jinkirin kamawa. Don haka ban yarda a wanke ramin da alkohol ba in da ita za a yi aiki.

Bayan wanki da ruwan maganin EDTA mai kashi 17 na kamar minti ɗaya da wankin ƙarshe, zuƙe ruwan da sirinji tukuna. Kada ka taɓa hura iska cikin rami, tana iya bi ta bakin saiwa ta kumbura fuskar mara lafiya.

Sai tsinken takarda, wanda ke tsotse sauran ruwan. Ɗauki wanda ya yi daidai da fayil ɗinka na ƙarshe, wato siririn ƙarfen da ka faɗaɗa ramin da shi, ka auna shi da tsawon aikin, wato zurfin ramin da ka auna, ka sa har ƙasa, ka ɗan dakata. Da ka zaro, dubi bakinsa ƙarƙashin fitila, ka goga shi a bayan safar hannunka. In ya lanƙwashe, da sauran ruwa. Ƙasan ramin ne ke ɓoye danshi, sama kan bushe ya ruɗe ka. Kada ka yi rowar tsinke. Ga rezin, sai ya fito a sandare. Ga bayosiramik, tsaya da zarar ruwan kwance ya ƙare.

In jini ko ruwan ciwo ya ƙi tsayawa, ba ranar cikewa ba ce. Sa kalsiyam haidiroksaid, maganin kashe ƙwayoyin cuta, rufe, mara lafiya ya dawo bayan mako ɗaya ko biyu.

Daga nan shafa sila siriri, sa gata-faca, wato robar da ake cike ramin da ita, ɗauki hoto, ka toshe saman da kyau kafin ka cire robar da ke tare yawu.