Manuwal ko otomatik: inda masu sayen mota mai zafi ke yin tuntuɓe

Akwai wani rukunin motoci da ba na tsere ba ne, amma kuma ba su da sanyin jiki. Da su ake zuwa aiki, a kai yara makaranta, a ɗauko kaya, sannan idan titi ya buɗe aka taɓa totur sai su nuna cewa jininsu a kusa yake. Golf GTI ce ta yi suna a wannan fage tun 1976, daga baya irin su Civic Type R da Subaru WRX da Mazda MX-5 da Toyota GR86 suka biyo sahu. Duk wanda ya yi niyyar sayen irinsu, tambayar da ke hana shi barci ɗaya ce: giyar hannu ko wadda ke canza kanta? A nan ake yawan yin kuskure, kuma kuskure ne mai tsada, domin giyabos ba taya ba ce da za ka sauya gobe idan ba ta yi maka ba.

Sayen mota domin ranar da ba ta cika zuwa ba

Wannan shi ne uban kurakuran. Mutum zai zauna ya hasko kansa a kan wani titi mai kwana-kwana, babu kowa gaba babu kowa baya, yana saukowa daga giya ta huɗu zuwa ta uku, inji na kuka mai daɗi. Da wannan hoton a kai zai je ya biya kuɗin manuwal. To amma sau nawa a wata yake hawa irin wannan titin? Abin da zai tarar kullum shi ne gosulo na safe da na yamma: taka kuloci, sa giya ta ɗaya, saki kaɗan, matsa taku biyar, taka birki, sake taka kuloci. Motoci masu ƙarfi kuwa sau da yawa kulocinsu ya fi na ƙananan motoci tauri, saboda sai ya matse sosai kafin ya riƙe ƙarfin injin. Bayan minti arba'in cinyar hagu ta fara rawa, gwiwa ta ɗauki zafi, motar da aka saya domin nishaɗi ta koma aikin ƙarfi.

Na taɓa bin wani abokina a sabuwar motarsa, muka maƙale a kan wata gada mai hawa. Maimakon ya ja birkin hannu, sai ya riƙe motar da rabin kuloci, ƙafar dama na ɗan ba ta wuta. Ba mu yi minti goma ba wani ƙauri ya cika motar, kamar an ƙona gashi da roba tare. Ya dube ni ya ce, "Malam, motar gabanmu ce ko?" Na ce masa a'a, tamu ce, faifan kulocinka ne ke cin kansa.

Gyaran wannan kuskure ba shi da wahala. Ka ɗauki mako guda kana lura da tuƙinka: awa nawa kake yi a cunkoso, awa nawa a buɗaɗɗen titi. Sannan ranar gwajin mota, kada ka yarda a kai ka titin da babu kowa kawai. Ka shiga da ita inda ake matsi, ka tsaya a kan hawa ka tashi, ka yi ribas cikin ɗan matsattsen wuri. Idan bayan wannan har yanzu zuciyarka na kan manuwal, to da gaske kake, ka saya. Akwai mutanen da taka kuloci sau ɗari ba ya damun su ko kaɗan, kuma ba ƙarya suke yi ba.

Akasin haka ma na faruwa. Wani zai tsorata da labarin gosulo ya sayi otomatik, alhali tafiyarsa duk a kan titi mara cunkoso take. Wata uku sai ya fara jin motar ta yi masa salam, kamar miya ba gishiri.

Ɗaukar cewa duk otomatik ɗaya ce

A nan ya kamata a daɗe, domin kalmar "otomatik" ta haɗa abubuwa uku da ba su yi kama da juna ba sai a rashin fedar kuloci.

Ta farko ita ce ta asali, wadda ke isar da ƙarfin inji zuwa giya ta hanyar mai. A cikinta akwai wasu farfeloli biyu da ke fuskantar juna cikin man giya: ɗaya ta juya ta watsa man, man ya juya ɗayar. Shi ya sa idan ka ɗaga ƙafa daga birki take silalewa a hankali ba tare da wani abu ya goge ba, ko da za ta yini tana yin haka. Tun zamanin Hydra-Matic da aka fara sa wa motocin Oldsmobile na 1940 ake gyara wannan fasaha. A da an san ta da nawa da shan mai, amma na yanzu, irin mai giya takwas ta kamfanin ZF da ke cikin motocin BMW da yawa da kuma Toyota Supra ta 2019, suna kulle inji da giya wuri ɗaya da zarar mota ta ɗan ɗauki gudu, sai asarar ƙarfi ta ragu ƙwarai.

Ta biyu ita ce mai kuloci biyu, wadda Volkswagen ke kira DSG, Porsche kuma PDK. Golf R32 ta 2003 ce ta fara kawo ta kasuwa. A gaskiya wannan manuwal ce da kwamfuta ke tuƙawa. Kuloci ɗaya na riƙe da giya ta 1 da ta 3 da ta 5, ɗayan na riƙe da ta 2 da ta 4 da ta 6. Kana cikin ta uku, ta huɗu ta riga ta shiga tana jira, sai kawai wannan kuloci ya saki wancan ya kama. Saurin canjinta ya wuce na hannun kowane direba. Sai dai tunda kuloci ne na gaske a ciki, abin da ke cin kulocin manuwal shi ke cin nata. Wanda ya saba da otomatik ta asali zai riƙa barin ta tana jan ciki a gosulo, ƙafa rabi a kan birki, bai san kuloci na gogewa yana ɗaukar zafi ba. Su ma iri biyu ne: akwai wadda kulocinta ke jiƙe cikin mai, mai na sanyaya shi, akwai busasshiya. Busasshiyar ta fi saurin jin jiki a cunkoso. Idan irin wannan ce motarka, ka taka birki sosai idan ka tsaya, ka bari tazara ta buɗe a gabanka, sannan ka matsa gaba ɗaya. Kada ka riƙe ta a kan hawa da totur.

Ta uku ita ce CVT, wadda ba ta da giya ɗaya-biyu-uku kwata-kwata, sai bel ko sarƙa da ke hawa da sauka tsakanin wasu ƙarafa masu siffar mazurari. Tana da laushi da tattalin mai, kuma Subaru na sa ta a WRX. Abin da ke ɓata wa masu son zafi rai shi ne idan ka taka ta da ƙarfi, inji kan tsaya a murya ɗaya yana ta kuka yayin da gudu ke ƙaruwa. Kamfanoni sun koya mata kwaikwayon canjin giya domin rage wannan, amma mai kunne yana ganewa.

Don haka idan mai sayarwa ya ce maka "otomatik ce," tambaya ta gaba ita ce: wace iri? Idan ya kasa amsawa, ka duba littafin motar. Biyan kuɗi kafin sanin wannan cinikin biri a sama ne.

Riƙe tsohon karatu

"Manuwal ta fi gudu, ta fi tattalin mai." Shekaru talatin da suka wuce wannan magana gaskiya ce, lokacin da otomatik ke da giya uku ko huɗu, manuwal na da biyar. Yanzu a yawancin motoci masu turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska domin ƙarin ƙarfi, abin ya juye. Direba na sakin totur duk lokacin da zai canza giya, iskar turbo ta faɗi, sai ta sake taruwa. Mai kuloci biyu ba ta ba da wannan giɓin. A babban titi kuma giya ta bakwai ko ta takwas na sauke juyin inji ƙasa, mai ya ragu.

Amma kada a tsallaka daga wannan kuskure a faɗa kishiyarsa. A ƙananan motoci marasa nauyi kuma marasa turbo, manuwal na nan da bakinta. GR86 mai giyar hannu ta fi 'yar'uwarta otomatik saurin tashi da kusan rabin daƙiƙa, bisa alƙaluman kamfanin da kansa. A ganina ma, wanda ya sayi MX-5 otomatik ba tare da wani uzuri na lafiya ko na cunkoso ba, ya bar rabin abin da ya biya a shago. Daɗin irin waɗannan motoci a hannu da ƙafa yake, ba a agogon gudu ba. Kuma rabin daƙiƙa, ko ta wane ɓangare ta faɗo, ba abin da za ka ji ba ne a hanyar zuwa ofis.

Manta cewa ba kai kaɗai ke da makullin ba

Idan mai ɗakinka ko wani a gidan zai riƙa tuƙa motar, a yi shawara da shi tun kafin a biya. A wasu ƙasashe ma doka ta shigo ciki: a Birtaniya wanda ya ci jarrabawar tuƙi da otomatik ba a yarda ya tuƙa manuwal ba sai ya sake wata. Haka nan mai ciwon gwiwa ko na baya, kada ya bari surutun abokai cewa "direban gaske manuwal yake ja" ya sa shi sayen wahala. Ba su za su taka masa kulocin ba.

Lissafin gyara da ido ɗaya

Ana cewa manuwal ba ta lalacewa. Giyabos ɗin kam yana da juriya, amma kuloci abu ne mai ƙarewa kamar takalmin birki, kuma tsawon ransa na ƙafar direba. Wanda ke ɗora ƙafa a kan feda yana tafiya, ko ya tsaya a danja da giya a ciki maimakon ya sa firi, yana rage masa kwana. Ranar canji kuma sai an sauke giyabos gaba ɗaya, sau da yawa har da babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, wanda a motocin zamani mai ɓari biyu ne da sifirin a tsakani, kuma ba shi da araha. Akwai wani hatsarin da manuwal kaɗai ke da shi: kana gudu ka nemi giya ta huɗu hannu ya kuskure ya faɗa ta biyu. Na'urar da ke hana inji wuce iyaka mai kawai take yankewa, ba ta iya hana taya juya inji da ƙarfi. Cikin ƙiftawar ido bawul ya haɗu da fistin a cikin injin, inji ya lalace. Otomatik kuwa ko ka ja ɗan maɓallin sauko da giya da ke bayan sitiyari, idan kwamfuta ta ga juyin zai yi yawa, sai ta ƙi.

A ɓangaren otomatik, babban kuskure shi ne gaskata cewa man giya na har abada ne. Mai na tsufa, musamman a motar da ake takawa. DSG mai giya shida ta jiƙaƙƙen kuloci, alal misali, ana canza mata mai da tata duk kilomita 60,000. Wanda ya tsallake wannan domin tsimi, ranar da ƙwaƙwalwar giyar ta tsaya zai biya ninkin abin da ya adana. Ka kuma tabbata akwai makaniken da ya san irin giyar kuma yana da kwamfutar dubata kafin ka saya, ba bayan ta fara fizga ba. A tuna kuma, ba a tayar da otomatik da turi idan batir ya mutu, kuma ba a jan ta tafiya mai nisa tayoyin da ke jan motar na ƙasa.

Idan motar da aka riga aka yi amfani da ita ce

Irin waɗannan motoci ba kasafai masu su ke lallaɓa su ba, saboda haka gwaji ya zama dole. A manuwal, ka sa giya ta huɗu ko ta biyar kana tafiya a hankali, sannan ka taka totur har ƙasa. Idan allurar juyin inji ta yi sama amma gudu bai bi ta ba, kuloci na zamewa. Ka sauko daga ta uku zuwa ta biyu da ɗan sauri ka saurara: idan ka ji ƙarar "ƙurrr", zoben da ke daidaita juyin giya ya cinye. A otomatik, ka nemi a bar maka motar ta kwana ba a tayar ba. Da sanyin safiya ka sa D ta tafiya gaba, ka sa R ta ribas, ka ƙirga lokacin da take ɗauka kafin ta kama: jinkiri mai tsawo ko bugu mai ƙarfi alama ce. Mai kuloci biyu kuma ka ja ta a hankali sosai, kamar kana neman wurin fakin, ka ji ko tana karkarwa. Ka tambaya ko an taɓa ƙara wa injin ƙarfi ta kwamfuta, domin idan an yi, kuloci ne ke fara biyan bashin, ko wane iri ne.

Wani abu da ke sauƙaƙa wa masu tsoron manuwal: tun daga Nissan 370Z ta 2009 aka fara samun motocin da ke ba inji wuta da kansu idan za ka sauko giya, don kada motar ta yi tsalle, kuma yawancin na yanzu suna riƙe birki na ɗan lokaci a kan hawa har ka saki kuloci. Sai dai zaɓin kansa na ƙara ƙanƙancewa. Honda ta tsaya a kan manuwal zalla a Civic Type R, Toyota ta ƙara wa Supra giyar hannu a 2022, amma Volkswagen ta daina yin GTI mai manuwal bayan 2024. Kafin ka ɓata makonni kana auna wacce za ka ɗauka, fara bincika ko samfurin da shekarar da kake so suna zuwa da duka biyun.