Ga masu gwajin gasa burodi da kek kafin a gama makaranta

Salam 'yan uwa ɗalibai. Saura min zango ɗaya in kammala digiri, kuma niyyata in fara sana'ar burodi da kek kafin aiki ya samu, shi ya sa duk ƙarshen mako ina gwaji. Ƙaramin sikeli da littafin rubutu su suka fi yi min amfani.

Ku daina auna fulawa da kofi. Kofi ɗaya kan ɗauki kusan giram 120, amma in an danna ta sai ta kai 150, ku rasa dalilin da kek ya yi tauri. Kuma kowane gwaji ku canza abu ɗaya tak, ku rubuta. Na taɓa rage sukari, na ƙara mai, na sauya yis duk a rana guda. Burodin ya yi laushi, amma har yau ban san wanne ya gyara shi ba!

Shi yis ruwa mai ɗumi yake so, wanda ba ya ƙona bayan hannu. In zafin ya kai digiri 60 a ma'aunin Celsius ya mutu, kwaɓin zai kwana bai tashi ba. A gefen kowane shafi na littafin nakan rubuta kuɗin da na kashe, saboda ranar da zan fara sa farashi.