Yadda za ka san lokacin ajiye kati mai ƙarfi a poker

Ƴan'uwa sabbin shiga na nan Maraɗi masu buga poker irin na Texas Hold'em a waya, ba caca nake nufi ba fa, na jeton ɗin wasa.

Da farko ko as (kati mafi girma) biyu ne a hannunka kar ka ruɗe, dubi katunan da aka shimfiɗa a tebur. In uku iri ɗaya ne, misali duk zuciya, kuma kai ba ka da ko ɗaya, to wani na iya haɗa flush, wato katuna biyar iri ɗaya, shi kuwa ya fi as biyunka nesa.

Sai ka lura da mai zubawa. Mutumin da tun ɗazu yake shiru yana bi kawai, kwatsam a katin ƙarshe ya turo duk abinda ke gabanshi, wallahi da wuya a ce ƙarya yake, irin waɗannan ba su cika burga ba.

Sannan lissafi: tebur na da 1000, ya ƙara 1000, kai ma 1000 za ka biya, kenan sai kana cinye shi sau 1 cikin 3 kafin bin ya yi amfani. In bai kai ba danna fold, wato ka ajiye katinka, ka manta da abinda ka zuba a baya, ya riga ya zama na tebur.